Yaya za mu gode wa Allah kan abinci da tsaron kullum?

Wani ɗan'uwa da aka zaɓa dattijo a wata ƙaramar ikilisiya ya aiko da wannan tambaya: "Kullum muna cewa mun gode Allah, a gida da majami'a, amma maganar ta zama kamar gaisuwa. Yaya za mu maido mata da nauyinta? Kuma yaya za mu yi godiya kan tsaro, alhali a cikinmu akwai waɗanda aka yi wa rashi a hanya ko a gona?"

Ɗan'uwa, alheri da salama su tabbata a gare ka. Abin da ke sa godiya ta yi sanyi yawanci abu ɗaya ne, wato ba a ambaton abin da ake godiya a kansa. In an tambaye ka ya aiki ka ce da godiya, ba ka yi laifi ba, amma ba ka tuna komai ba. Zabura 103 aya 2 ta gargaɗe mu kada mu manta da alheran Ubangiji, sannan daga aya 3 ta shiga jera su ɗaya bayan ɗaya: gafara, warkarwa, ceto daga kabari, ƙosarwa. Duk gyaran da zan faɗa maka a nan yana komawa ga wannan: a sa mutane su kira abin da sunansa.

Ka duba yadda Musa ya yi a Maimaitawar Shari'a sura 8. Da zai tuna wa Isra'ilawa shekara 40 da suka yi a jeji, sai ya ce musu tufafinsu ba su yage ba, ƙafafunsu kuma ba su kumbura ba (aya 4). Waɗannan abubuwa ne da ba su faru ba, kuma irinsu ne suka fi saurin ɓacewa daga tunani. Mutum yakan tuna ranar da mota ta kife ya fita lafiya, amma ba ya lissafa duk ranakun da ya je kasuwa ya dawo ba ko tuntuɓe. A wannan surar kuma Musa ya nuna inda haɗarin yake. Mai yunwa ba ya manta Allah. Wanda ya ci ya ƙoshi, ya gina gida, dabbobinsa suka yawaita, shi ne zai ce a ransa ƙarfina da dabarata suka samo mini wannan (aya 12 zuwa 17). Saboda haka umarnin aya 10 ya zo daidai kan ƙoshi: in ka ci ka ƙoshi, ka yabi Ubangiji.

Labarin manna, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16 shi ya nuna ma'aunin. Kowa yana tara awo guda a rana, abin da ake kira omer, kusan lita 2. Wanda ya ajiye saura zuwa safe, sai ya tarar ya yi tsutsa yana wari. A rana ta shida kaɗai ake tara ninki biyu saboda Asabar. Allah yana da ikon ba su na shekara a lokaci ɗaya, amma ya zaɓi su fito kowace safiya su karɓa. Shi ya sa Yesu ya koya mana roƙon abincin yini a Matiyu 6:11. Abin da ake karɓa kullum, kullum ake godiya a kansa, don haka wurin farawa shi ne gida, kafin a zo maganar majami'a.

A gida, minti 10 zuwa 15 sun isa. Abin da ya wuce haka yara za su fara gyangyaɗi, uwar gida kuma hankalinta na kan tukunya, cikin mako biyu sai abin ya mutu. Ku tsai da lokaci guda da kowa yake nan. Ga manoma da damina, dare bayan tuwo ya fi asuba, domin da sassafe kowa na gaggawar gona. Ga masu aikin ofis da 'yan makaranta, safiya takan fi. Ku fara da waƙa ɗaya da kowa ya haddace, a karanta ayoyi uku zuwa shida daga Littafi Mai Tsarki, sannan a zagaya kowa ya faɗi abu guda da yake gode wa Allah a kai a wannan rana. Doka biyu ce: abin ya zama na yau ko na jiya, kuma kada a maimaita abin da na baya ya faɗa. Dokar farko tana hana a ce "rai da lafiya" kullum a wuce. Ta biyu tana tilasta wa na ƙarshe ya yi tunani. A fara da ƙaramin yaro, domin in babba ya fara, yara kwaikwayonsa kawai za su yi. In yaro ya ce ya gode don akuyarsa ta haihu biyu, ko don malami bai doke shi ba, kada a yi dariya, kada a gyara masa. Daga nan mutum ɗaya ya tattara abin da aka faɗa cikin addu'a, sannan a kawo roƙo. Filibiyawa 4:6 ta haɗa roƙo da godiya, amma in ba a ware wa godiya wurinta ba, roƙo yakan cinye lokacin duka, musamman a watan da ake neman kuɗin makaranta.

Abin da ya fi kashe sujadar iyali shi ne maigida ya mai da ita kotu. An taru da sunan godiya, sai ya ɗauko zancen wanda ya bar ƙofa a buɗe da wanda ya ɓarar da manja. Faɗa yana da lokacinsa daban. Yaron da ya san za a yi masa faɗa a wurin addu'a zai tashi yana ƙin addu'ar.

Nassosin da suka dace da wannan zama suna da yawa. Da safe akwai Zabura 3:5, inda Dawuda ya ce ya kwanta ya yi barci ya farka domin Ubangiji yana riƙe da shi, kuma ya faɗi haka ne yana gudun ɗansa Absalom. Akwai Makoki 3:22-23 kan jinƙai sababbi kowace safiya. Da dare akwai Zabura 4:8. Zabura 136 tana da aya 26, kowace da amshi iri ɗaya kan madawwamiyar ƙaunar Allah, don haka ko wanda bai iya karatu ba zai iya amsawa. Bayan an saba da ita, sai iyali su ƙara nasu layukan: wanda ya kawo ruwan sama bayan shuka ta fara yaushi, a amsa, wanda ya dawo da Baba daga tafiya, a amsa.

Ina ba da shawarar littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya. Kowane dare a rubuta kwanan wata da layi biyu ko uku, a ba yaron da ya iya rubutu aikin. Ranar Lahadin ƙarshen wata a karanta abin da aka rubuta, haka ma daren shiga sabuwar shekara. Amfaninsa yana fitowa ne a lokacin ƙunci, sa'ad da zuciya ke cewa Allah bai taɓa yi mana komai ba, ga kuma rubutun hannunku yana ƙaryata ta. Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer domin irin wannan tunawa (1 Sama'ila 7:12).

Addu'ar abinci kuwa a taƙaita ta, jumla biyu ko uku, a ambaci abin da ke cikin kwano da wadda ta dafa. Kuma kada a gode wa Allah a kan tuwo sannan a zubar da rabinsa a kwata. Bayan Yesu ya yi godiya ya ciyar da mutum dubu biyar, ya sa aka tattara gutsattsarin har kwando 12 don kada kome ya lalace (Yahaya 6:11-13).

Yanzu ga ɓangaren tambayarka mai nauyi. Akwai wata addu'a da ake yawan ji a majami'unmu: da yawa sun kwanta ba su tashi ba, wasu suna asibiti, wasu suna hannun 'yan bindiga, amma mu ga mu a raye. Mai yin ta yawanci ba shi da mugun nufi, sau da yawa ma yakan ƙara da cewa ba don mun fi su ba. Duk da haka ka tsaya ka ji ta da kunnen matar da ke zaune a layi na uku, wadda aka binne mijinta watan jiya. Abin da take ji shi ne an mai da makokinta abin auna sa'ar wasu. Bafarisiyen da ke Luka 18:11 shi ma da godiya ya fara addu'arsa, yana gode wa Allah cewa shi ba kamar sauran mutane yake ba, kuma bai koma gida da karɓuwa ba. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi da kansa ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13:1-5).

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa masu bi biyu za su shiga haɗari ɗaya, ɗaya ya fita ɗaya ya mutu ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya. Ba inda aka ce bangaskiyar Yakubu ta gaza. Ibraniyawa 11 ta ce ta wurin bangaskiya wasu suka tsere wa kaifin takobi (aya 34), aya uku gaba kuma ta ce wasu da takobi aka kashe su (aya 37), duka kuwa an yaba bangaskiyarsu. In ikilisiya ba ta ji wannan koyarwa daga bagade ba, duk shaidar tsira da aka bayar za ta zama kamar tuhuma ga waɗanda nasu bai tsira ba.

Gyaran ba shi da wuya. Mai jagorar addu'a ya gode kan abin da aka samu kai tsaye, ba tare da jingina shi da rashin wani ba: mun gode da ka tashe mu, mun gode da ka dawo da wane daga tafiya. Nan take kuma, cikin addu'a ɗaya, ya kawo masu makoki da marasa lafiya da waɗanda ke tsare a matsayin namu da muke roƙo dominsu. Haka Romawa 12:15 ta ce, a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka. Wanda aka yi wa rashi kuma kada a matsa masa da 1 Tasalonikawa 5:18. Umarni ne na gaskiya cewa a yi godiya cikin kowane hali, amma mutum yakan kai gare shi da ƙafarsa, a hankali. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba ko layi ɗaya na yabo, kuma tana cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Habakuk ya ce zai yi murna da Ubangiji ko da ɓaure bai yi toho ba, ko da garke ya ƙare (3:17-18), amma sai da ya cika sura ta fari da ƙorafi kafin ya kai nan.

Wani kuskuren kuma shi ne a ɗauka cewa yin hattara rashin bangaskiya ne. Shaiɗan ya ɗauko Zabura 91 ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, Yesu ya ce kada a gwada Ubangiji (Matiyu 4:5-7). Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana (4:9). Bulus, bayan an yi masa alkawarin cewa duk mutum 276 da ke jirgin za su tsira, ya hana matuƙa gudu, ya sa kowa ya ci abinci, ya yi godiya a gabansu tun guguwa ba ta lafa ba (Ayyukan Manzanni 27). Saboda haka gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, da hular kwano, da ƙin bin hanyar da aka ce ba ta da kyau bayan la'asar, duka hanyoyi ne da Allah ke tsaro ta cikinsu. A gode masa a kansu, a kuma gode wa mutanen da aka samu taimako ta hannunsu: nas, direba, 'yan sintirin unguwa, maƙwabcin da ya buga waya ya ce kada a fito, Kirista ne ko Musulmi. Yaba kyauta tukwici.

Lokacin shaida a majami'a yana bukatar tsari, in ba haka ba mutum biyu za su cinye shi kowane mako. Mutum uku ko huɗu a sujada ɗaya, minti 2 zuwa 3 kowanne. Su ga dattijo kafin a fara sujada su faɗa masa a taƙaice abin da za su ce. Dattijon ya duba abu uku. Na farko, kada a ambaci sunan wani a matsayin maƙiyi ko maye, domin shaida irin wannan ta raba zumunci da yawa. Na biyu, kada a faɗi adadin kuɗi. Wanda aka sako daga hannun masu garkuwa kada ya faɗi nawa aka biya, wa ya tara, wa ya kai, ko ta wace hanya, kuma in akwai waɗanda aka kama tare da shi ba su dawo ba, ya fi kyau a jinkirta godiyar fili, ko a yi ta tare da roƙo dominsu. Haka wanda ya sayar da shanu ko aka biya shi kuɗin sallama. Ba kowa da ke zaune a benci ka san inda zai kai magana ba, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na uku, a tabbata ana jin ƙananan shaidu ma. In kullum mota da biza da ƙarin girma ake ji, gwauruwar da ta samu mudu biyu na masara ranar da tukunyarta ta kife za ta ga nata bai kai a faɗa ba, alhali irin nata ne addu'ar Ubangiji ta koya mana mu roƙa. Dattijo ya je ya nemi irin waɗannan da kansa, don ba za su kawo kansu ba.

Sai godiyar kaka, wadda ikilisiyoyi da yawa a Arewa suke yi tsakanin Oktoba da Disamba. Tushenta Maimaitawar Shari'a 26:1-11: manomi ya sa nunan fari a kwando, ya kawo, ya faɗi da bakinsa abin da Allah ya yi tun daga kakanninsa, sannan ya yi murna tare da Balawe, wato mai hidima a wurin sujada, da baƙo. A sa ranar bayan amfanin da garinku ya fi dogara da shi ya shigo gida. Inda dawa ce babban abinci, yin ta a farkon Oktoba yana nufin mutane za su ciwo bashi su kawo. Ware rabon Allah ya fi sauƙi a gona ko a masussuka, lokacin da ake ƙirga dami ko buhu, kafin a zuba a rumbu. Abin da ya riga ya shiga rumbu fitarsa da wuya. Wanda ya ɗauki ɗaya cikin goma, dami 30 zai ware 3, buhu mai kwano 40 zai ware kwano 4. Wanda ƙwari ko ambaliya suka cinye gonarsa, ko aka hana shi zuwa gona gaba ɗaya, 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi. Ya zo da hannu wofi ya yi rawa tare da kowa, kuma sunansa ya shiga cikin waɗanda za a ba.

Abin da ke lalata wannan rana gasa ce. Da zarar an fara kiran suna da adadi a lasifika, ko gwanjo ya koma wurin nuna wa ya fi wa, talaka zai daina zuwa ranar. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba baiko, wadda ya yaba ita ce gwauruwa mai anini biyu (Markus 12:41-44). A fito iyali-iyali ko ƙungiya-ƙungiya da waƙa, Zumuntar Mata da matasa da mawaƙa, a ajiye kaya ba tare da sanarwar wa ya kawo nawa ba. Haka kuma a guji wa'azin da ke mai da godiya ciniki, wai ka ba da buhu ɗaya Allah zai mayar maka da goma. A Zabura 50:12 Allah ya ce ko da yana jin yunwa ba zai faɗa mana ba, gama duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Godiya tana kallon abin da aka riga aka karɓa ne.

Bayan an tashi, aiki ya rage. Mutum uku, ba daga gida ɗaya ba, su auna kayan a ranar, su rubuta, su sa hannu, a karanta jimillar ga ikilisiya Lahadi mai zuwa. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:19-21). Hatsin da aka kawo daga gidaje daban-daban ba bushewarsu ɗaya ba, don haka a shanya shi kwana biyu ko uku kafin a ɗura. Masarar da aka ɗura da danshi takan yi fumfuna, wake kuma ƙwari sukan huda shi cikin 'yan watanni in ba a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi da iska ba ta shiga ba. A ɗora buhuna kan katako, nesa da bango. Doya, kabewa, kaji da duk abin da ba ya ajiyuwa a raba ko a sayar cikin makon.

Rabon kuwa a yanke shi tun kafin ranar, a rubuce, don kada a yi ta ja-in-ja a gaban buhuna: kaso na fasto da masu bishara da ke ƙauyuka, kaso na gwauraye da marayu da 'yan gudun hijira, kaso na ajiya. Na ajiyar shi ne mafi amfani, kuma shi aka fi mantawa. A Disamba kusan kowa yana da abinci. A riƙe shi zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabo bai nuna ba. A lokacin dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata su kai wa gidajen da aka rubuta, da yamma, ba a gaban jama'a ba, su kuma rubuta kwano nawa aka fitar da ranar da aka fitar.